Tsakanin Jiyau da Ganau: Darasi Daga Rayuwar Abul Abbas Annabati

Daga cikin mas'alolin da suka daɗe suna wahalar da ma'abota ilimi, tun daga lokacin da aka fara tattara sani a cikin littattafai har zuwa yau, akwai wata wadda ba a cika ware mata babi na musamman ba, alhali kuwa babu ɗalibin da zai yi nisa a karatu face sai ya yi karo da ita. Idan littafin da mutum ya gada daga malamansa, waɗanda ya san tsoron Allahnsu da zurfin iliminsu, ya faɗi wani abu game da wata halitta, sa'an nan shi kuma ya je ya dubi halittar nan da idonsa ya ga ba haka take ba, to wanne zai ɗauka, wanne zai bari? In ya riƙe littafi ya ƙaryata idonsa, ya tozarta ni'imar gani da ta hankali, waɗanda Ubangiji ya ba shi kuma ya yi alkawarin zai tambaye shi a kansu. In kuwa ya riƙe abin da ya gani ya saki littafi, mutane za su ce ya rasa ladabi, shi kansa ma zuciyarsa ba za ta rasa ɗar-ɗar ba, domin wane ne shi a gaban magabata?

Malaman usulu da na manɗiƙi sun yi dogon bahasi a kan martabobin sani, da bambancin yaƙini da zato, da abin da ake samu ta hanyar labari da wanda ake samu ta hanyar gaɓoɓi. Amma sau da yawa rayuwar mutum guda, idan ya tsaya a kan wata ƙa'ida har ya mutu a kanta, takan warware abin da dogon bahasi ya bari a ƙulle. Saboda haka nake so in kawo labarin wani malami na Andalus, Abul Abbas Ahmad ɗan Muhammad ɗan Mufarrij, wanda aka fi sani da Annabati, waɗansu kuma suna kiransa Ibnur Rumiyya. An haife shi a birnin Ishbiliya a shekara ta 561 bayan Hijira, wajen 1166 ke nan a lissafin Miladiyya, ya kuma rasu a can a shekara ta 637, wato 1239. Zamaninsu ɗaya ke nan, kuma ƙasarsu ɗaya, da Alfazazi mai Ishiriniyar nan da ake rerawa a garuruwanmu. Abin da ya sa na zaɓe shi shi ne ya haɗa fannoni biyu waɗanda mutanen yau za su ɗauka babu abin da ya gama su: hafizi ne na hadisi, masanin halayen maruwaita, kuma a lokaci guda shi ne mafi sanin tsirrai a zamaninsa bisa shaidar waɗanda suka rubuta tarihinsa.

Kafin a gane nauyin aikinsa, wajibi ne a san halin da ya tarar da wannan fanni a ciki. Tushen ilimin magungunan tsirrai a wurin likitocin Musulmi shi ne littafin wani Bayunane, Diyasƙuridus, mutumin Ainu Zarba a ƙasar da yau take cikin Turkiyya, wanda ya rayu a ƙarni na farko na Miladiyya, ya tsara littafinsa maƙala biyar, ya siffanta tsirrai wajen 600 a cikinsa. An fassara shi zuwa Larabci a Bagadaza a zamanin Halifa Mutawakkil, wanda ya yi mulki daga 847 zuwa 861; Isɗifan ɗan Basil ya yi fassarar, Hunainu ɗan Is'haƙ ya duba ta. Sai dai mai fassarar, da yake mutum ne mai gudun faɗin abin da bai sani ba, duk tsiron da bai san sunansa na Larabci ba sai ya bar shi da sunansa na Yunananci, yana fatan Allah zai kawo wanda zai gane shi daga baya. Sai aka wayi gari ga littafi a hannu, ga bayanin amfanin kowane tsiro dalla-dalla, amma likita bai san wanne ne tsiron ba a cikin ɗimbin da ke fitowa a bayan gari. Bayan kusan shekara ɗari, a 337 ta Hijira, sarkin Rumawa na Ƙusɗanɗiniya ya aiko wa Halifa Abdurrahman Annasir na Ƙurɗuba kyautar littafin da harshensa na asali, mai ɗauke da zanen tsirrai. Da aka rasa mai karanta shi a birnin, sai aka aiko da wani rahibi mai suna Niƙola a 340, ya zauna da wata jama'a ta likitoci, cikinsu har da Bayahuden nan Hasdai ɗan Shafruɗ, suna bin sunayen ɗaya bayan ɗaya suna neman tsiron da kowanne ya dace da shi. Ibnu Juljul, wanda ya riski mutanen nan, shi ya bar mana labarin. Tun daga ranar nan mutanen Andalus suka gane cewa mallakar littafi abu ne dabam, sanin abin da littafin yake nufi a cikin daji kuma abu ne dabam.

A cikin wannan gado Annabati ya tashi. Ya fara da mazhabar Malikiyya kamar yawancin mutanen ƙasarsa, daga baya ya karkata ga Zahiriyya, ya zama mai tsananin ƙaunar babban malaminta Ibnu Hazmin, har ya kashe dukiya mai yawa wajen kwafe littattafansa da yaɗa su. Kuma ko da mutum bai yarda da Zahiriyya a fiƙihu ba, kamar yadda jumhurun malamai ba su yarda da ita ba, ba zai kasa ganin yadda mazhabar da ta ƙi taƙlidi, ta dage a kan sai an kawo nassi, za ta tarbiyyantar da mutumin da ba ya karɓar magana sai ya san inda ta fito. Yana da rumfa a Ishbiliya inda yake sayar da saiwoyi da ganyaye, a nan kuma yake zama yana kwafar littattafai. Masu tarihi sun kawo cewa wata rana Amir Ibnu Hud, wanda a lokacin yawancin Andalus ke hannunsa, ya biyo ta gaban rumfar a kan dokinsa, ya ja linzami ya tsaya, ya yi masa sallama. Malam ya amsa sallamar, amma bai ɗaga kai daga takardar da yake rubutawa ba. Amir ya daɗe a tsaye yana jiran ya ɗago, da ya ga ba shi da niyya sai ya kaɗa dokinsa ya wuce. Su masu tarihin sun kawo wannan ne domin nuna rashin kwaɗayinsa ga abin hannun sarakuna, kuma haka ne. Amma duk wanda ya taɓa kwafar littafi da alƙalami ya san akwai wani abu bayan wannan, domin wanda ya ɗaga kai a tsakiyar layi, idan ya dawo, yakan tsallake kalma ko ya ajiye ɗigo inda ba wurinsa ba, kuma a littafin hadisi ko na magani ɗigo ɗaya ba ƙaramin abu ba ne.

Ya yi yawo a duwatsun Andalus da kwaruruwanta, ya shiga Garnaɗa ba sau ɗaya ba domin jin hadisi da binciken tsirran duwatsunta, sa'an nan ya nufi gabas, ya isa Iskandariya a shekara ta 613. Sarki Al'adil, ɗan'uwan Salahuddin Al'ayyubi, da ya sami labarinsa sai ya aika aka kawo shi Alƙahira, ya girmama shi, ya yanka masa albashi domin ya zauna a wurinsa. Malam ya ƙi, ya ce shi hajji ya fito da shi daga gida, kuma in ya gama wurin iyalinsa zai koma. Ya dai zauna ɗan lokaci, ya tattara wa sarki kayan haɗin tiryaƙi, babban maganin dafin nan da ake harhaɗawa daga abubuwa masu yawa, ya haɗa shi, sa'an nan ya wuce Hijaz. Ya zaga Iraƙi da Sham, yana zama gaban shehunan hadisi a birane, yana bin tsirrai a tsakanin biranen, kuma da ya komo gida ya rubuta littafinsa Arrihla, inda yake faɗin wurin da ya ga tsiro, da siffar ganyensa da furensa da saiwarsa, da sunan da mutanen wurin suke kiransa da shi. A fannin hadisi kuwa ya rubuta Alhafil, cikon littafin Alkamil na Ibnu Adiy a kan maruwaitan da aka soki ruwayarsu. A fannin tsirrai ya yi sharhin sunayen da ke littafin Diyasƙuridus, ya kuma yi wani littafi na tanbihi a kan kurakuran Algafiƙi, babban masanin magunguna na Andalus da ya gabace shi.

Lisanuddin Ibnul Khaɗib, wazirin Garnaɗa da ya rasu a 1374, da ya zo kan tarihin mutumin nan a littafinsa Al'ihaɗa, ya lura da cewa haɗuwar fannonin biyu a hannunsa ba a banza take ba, domin dukansu tafiya suke bukata, da rubuta abin da aka samu, da gyaran asali, da warware lafuzza masu rikitarwa, kuma ɗaya yana tsare addini, ɗaya yana tsare jiki. Wannan lura ce mai zurfi, kuma ta cancanci a tsaya a kanta. Mai hadisi, idan aka kawo masa magana aka jingina ta ga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ba ya gaskata ta don daɗinta, ba ya kuma ƙaryata ta don baƙuncinta. Tambaya yake yi: wa ya faɗa maka, shi kuma wa ya faɗa masa, sun haɗu kuwa, a wane gari, kuma mutumin nan yana da riƙo ko mai ruɗewa ne? Ya san cewa salihin bawa yana iya zama mai raunin hadda, saboda haka ya raba tsakanin adalcin mutum da kiyayewarsa, ya kuma san cewa bayyana raunin mai ruwaya nasiha ce ga al'umma, ba ta shiga babin giba. To, wanda ya sha wannan tarbiyya tun yana yaro, idan ya buɗe littafin magani ya ga an ce tsiro kaza yana maganin ciwo kaza, ba zai iya hana kansa waɗannan tambayoyi ba: wa ya ce, ya gani da idonsa ne ko shi ma kwafowa ya yi, kuma tsiron da yake nufi shi ne wannan da ke hannuna ko wani ne mai kama da shi?

Sai dai akwai wani bambanci tsakanin fannonin biyu, kuma a ganina a cikinsa amsar mas'alarmu take. Mai hadisi yana binciken abin da ya faru sau ɗaya ya wuce. Waɗanda suka ji da kunnensu sun riga mu gidan gaskiya, ba za a iya tashinsu a sake tambayarsu ba, don haka iyakar abin da zai iya shi ne auna amanar masu ɗauko labari, kuma isnadi a wurinsa shi ne ƙarshen hanya. Mai tsirrai kuwa, abin da ake ba shi labari a kansa yana nan da rai, kowace damina sai ya tsiro, ya yi ganye, ya yi fure, ya zuba iri, yau kamar zamanin Diyasƙuridus; isnadi a wurinsa farkon hanya ne, yana nuna masa inda zai je ya duba. Misalinsa kamar alƙali ne da aka kawo masa takardar shaida daga wani gari mai nisa, alhali wanda abin ya faru a gabansa yana zaune a ƙofar zaure: idan ya yanke hukunci da takarda, ya ƙi kiran mutumin ya shigo, babu wanda zai kira wannan tawali'u, sakaci ne da haƙƙin masu shari'a. Hausawa sun ce gani ya kori ji, kuma gaskiya ne, amma da sharaɗi: a inda ganin zai yiwu. Al'amuran gaibu, da hukunce-hukuncen ibada, da labarin abin da ya shuɗe, babu hanyarsu sai ji daga mai gaskiya. Amma launin fure, da ɗacin saiwa, da abin da ganye yake yi wa cikin mutum, Allah ya shimfiɗa su a fili ga duk mai ido da haƙuri, kuma neman su ta hanyar ruwaya kaɗai ajiye abu ne a inda ba muhallinsa ba.

Wanda ya kai wannan tafarki ga cikarsa shi ne almajirinsa, Abdullahi ɗan Ahmad, mutumin Malaƙa, wanda duniya ta sani da Ibnul Baiɗar. Ya yi karatu a Ishbiliya, ya fita daji tare da malaminsa, sa'an nan wajen shekara ta 1220 ya haye zuwa Magrib, ya bi gaɓar arewacin Afirka yana tattara tsirrai, ya shiga ƙasar Rum, ya sauka Masar, inda Sarki Alkamil ya naɗa shi shugaban masu sana'ar tsirrai na ƙasar baki ɗaya. Likitan nan Ibnu Abi Usaibi'a, mai littafin tarihin likitoci, ya sadu da shi a Dimashƙa a shekara ta 633, ya kuma siffanta yadda yake karantarwa. Sukan fita bayan gari su ga tsirrai a matsirarsu, idan kuma an zauna karatu sai a ajiye littafin Diyasƙuridus, da na Bayunanen likitan nan Jalinus, da na Algafiƙi, da makamantansu. Shehin ya fara da sunan tsiro na Yunananci, ya kawo abin da Diyasƙuridus ya faɗa na siffarsa da aikinsa, ya bi da abin da Jalinus ya faɗa, ya bi da maganganun na baya da inda suka saɓa, ya nuna wuraren kuskure da ruɗani. Ibnu Abi Usaibi'a ya ce yakan koma ga littattafan ya duba, sai ya tarar shehin bai bar kome ba, kuma har maƙalar da kowane magani yake ciki yakan faɗa. A lura da wannan da kyau: mutumin da ya fi kowa gyara wa magabata shi ne wanda ya fi kowa haddace maganarsu.

Babban littafinsa, Aljami'u, ya tara magunguna da abinci wajen 1,400, daga tsirrai da dabbobi da ma'adinai, a jere bisa haruffa, an ɗebo su daga marubuta wajen 150. An buga shi a Bulaƙ ta Masar a 1291 ta Hijira, kuma Bafaranshen likita Lucien Leclerc ya fassara shi tsakanin 1877 da 1883. A gabatarwarsa ya shimfiɗa sharuɗɗan da ya ɗora wa kansa, waɗanda duk mai hadisi zai gane su nan take: zai jingina kowace magana ga mai ita, abin da ya tabbata a wurinsa ta hanyar gani da jarrabawa zai riƙe shi, abin da ya saɓa wa haka zai yar da shi ko wane ne ya faɗa, zai yi tanbihi a kan inda na farko ko na baya suka yi kuskure saboda dogaro da takardu, kuma zai ƙayyade wasula da ɗigogin sunaye domin tsare su daga kuskuren masu kwafa. Ga misali guda na irin ɓarnar da yake gudu. Diyasƙuridus ya kira tsirrai uku da suna ɗaya: biyu ƙananan ciyayi ne na tudu, na ukun kuwa badon kogin Nilu ne, wanda Misirawa suke yin gurasa da ƙwayarsa. Da sunan ya ruɗi wani daga cikin na farko, sai ya gauraya bayanin wannan da na wancan, manyan marubuta kuma suka yi ta ɗauka daga gare shi, kowa yana dogara da girman wanda ya gabace shi, alhali yaron da ke kiwo a bakin kogi ba zai taɓa haɗa bado da ciyawar tudu ba. Yawan masu faɗin magana ba ya ƙara mata ƙarfi idan dukansu daga bakin mutum ɗaya suka ɗauko. Wannan ma ƙa'ida ce da masu hadisi suka riga kowa saninta.

Mai tambaya zai iya cewa, shin wannan ba ƙofa ba ce ta raina nassi, yau a gyara wa Jalinus, gobe a ce za a gyara abin da ya fi Jalinus? Amsa ita ce shari'a da kanta ta shata iyakar. Imamu Muslim ya ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce mutanen Madina suna yi wa dabino barbara, ya bayyana zatonsa cewa ko ba su yi ba zai yi kyau. Suka bari, dabinon bai yi albarka ba a shekarar. Da aka gaya masa sai ya mayar da al'amarin ga saninsu na sha'anin duniyarsu, ya kuma bambance musu tsakanin abin da yake faɗa da zato da abin da yake isarwa daga Allah. Idan mafificin halitta ya sallama wa manoma a kan abin da suka sani ta hanyar jarrabawa, ina ga wani likita, kome shahararsa? Alƙur'ani kuma, a Suratur Ra'ad, ya jawo hankali ga gonaki maƙwabtan juna, waɗanda ake shayar da su da ruwa ɗaya amma amfaninsu ya bambanta a wajen ci, ya ce a cikin haka akwai ayoyi ga masu hankalta. Ba ya yiwuwa a hankalta da bambancin da ba a tsaya an duba ba. Hadisin Buhari da ya tabbatar cewa Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar mata da magani bai lissafa mana magungunan ba, ya bar nemansu a wuyanmu. Don haka mai tsugunawa gaban tsiro yana ƙirga ganyensa bai fita daga da'irar biyayya ba, umarni yake bi.

Akwai kuma wata suka ta ɗaya ɓangaren, wadda ta fi ta farko ƙarfi, kuma adalci ne a kawo ta. Ido ma yana kuskure. Mara lafiya yakan warke don kansa a jingina warakar ga abin da ya sha. Kuma babu ran da zai isa mutum ɗaya ya jarraba magani 1,400. Bugu da ƙari, su waɗannan malamai, duk da tsananinsu wajen tantance ko wane tsiro ne wane, sun karɓi ginin Jalinus na ɗabi'o'i huɗu, zafi da sanyi da danshi da bushewa, kowace da darajojinta huɗu, ba su sa shi a ma'aunin da suka sa sunaye da siffofi ba, kuma ilimin likitanci na baya ya bar wannan gini gaba ɗaya. Wannan gaskiya ne, amma abin da yake nunawa shi ne ganau ma, da zarar ya rubuta abin da ya gani, ya zama mai ruwaya ga wanda zai zo bayansa, kuma hukuncin da ya yi wa na gabansa shi za a yi masa. Babu mai wadatuwa daga ji, domin da Annabati ya fita daji ba tare da Diyasƙuridus a ƙirjinsa ba, da bai san abin da zai nema ba, da kuma ya ƙare ransa yana gano abin da aka riga aka gano shekara dubu kafin shi. Abin da ake bukata ga mai ilimi shi ne ya san matsayin kowace magana da ke hannunsa, ya kuma sanar da ita a matsayinta: wannan na gani, wannan na ji daga wane, wannan kuwa ana faɗa amma ban san asalinsa ba. Haɗa ukun nan a miƙa su da murya ɗaya shi ne ha'incin da ya fi kowane ɓarna a cikin ilimi.

A nan ne labarin ya taɓo mu. Littattafan ɗibbu na Larabci sun daɗe da shigowa ƙasar Hausa, kuma malamanmu sun fuskanci irin matsalar da likitocin Ƙurɗuba suka fuskanta, ta neman tsiron gida da ya dace da sunan da ke cikin littafi; Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, duk da nauyin mulki, ya yi rubuce-rubuce a kan magani, har da na filasko da na basur. Amma duk wanda ya saba buɗe kundi ya san yadda ake rufe laƙani da cewa mujarrabi ne, ba tare da an faɗi wanda ya jarraba ba, ko a kan wa, ko da wane gwargwado; kuma ya san yadda suna ɗaya yake hawa kan itace biyu daga wannan gari zuwa wancan. Mutumin da ba zai yarda ya jingina wa Annabi maganar da bai san isnadinta ba, bai kamata ya yarda ya ɗura wa ɗan maƙwabcinsa jiƙon da bai san asalinsa ba, domin tsare rai yana cikin manyan manufofin shari'a, daura da tsare addini. Haka kuma ɗan boko da ke haddace abin da ke cikin littafin Turawa, bai taɓa fita ya gwada shi da ƙasar da yake takawa ba, muƙallidi ne shi ma, shehi kawai ya sauya.

Annabati ya rasu shekara uku bayan faɗuwar Ƙurɗuba a hannun Kiristocin Kastila, Ishbiliya kuma ta bi bayanta a 1248, shekarar da Ibnul Baiɗar ya rasu a Dimashƙa. Littafin Arrihla ya ɓace, ba a san inda kwafinsa yake ba. Abin da ya rage daga cikinsa shi ne guntayen da almajirin ya ɗauko ya zuba a Aljami'u, kuma an iya gane su, an tsamo su, saboda dalili guda, wato duk inda ya ɗauko sai ya ambaci sunan malaminsa da na littafinsa. Da ya bi al'adar masu haɗiye maganar wasu su fitar da ita kamar tasu, da sunan Abul Abbas ya rage a littattafan tarihi kawai, babu wanda zai san abin da idonsa ya gani a Hijaz ko a gaɓar Afirka. Ƙa'idar da ta ba almajiri ikon ya ce wane ya yi kuskure ita ce dai ta hana aikin malaminsa salwanta, kuma wannan ya isa hujja cewa tantance magana da girmama mai ita ba kishiyoyi ba ne. Haƙƙin magabata a kanmu shi ne mu san abin da suka faɗa, mu jingina shi gare su, mu duba abin da ake iya dubawa, in mun sami kuskure mu bayyana shi da hujja da kyakkyawan lafazi, sa'an nan mu rubuta namu ta yadda na bayanmu zai iya kama mu in mun kauce. Allah shi ne mafi sani.